Idan Kotu Ta Kira Ɗanka Shaida

Jama'a masu sauraronmu, ina gaida mutanen Mashegu da Makera, da na Ibbi da Kaboji, da na Manigi da Sahon Rami da Babban Rami, har zuwa cikin garin Kontagora. Wanda ke gida, da wanda ke rumfar kasuwa, da wanda ya rataya rediyo a kafaɗa yana bakin gona, duk ina yi muku sallama.

Yau maganar kotu za mu yi. Amma ba maganar manya ba, maganar yaro ce. Yaron da bai yi laifin komai ba. Idonsa ne kawai ya ga wani abu, kotu kuma ta ce ya zo ya faɗa. Me uba zai yi? Me uwa za ta yi? Ina ikonsu ya tsaya? A matso kusa da rediyo. A kira maƙwabciya ita ma ta ji.

Bari mu fara da misali. A ce kaka ta yi, ana yankan dawa. Ɗanka mai shekara 11 ya kai wa yayyensa abinci gona. Yana nan sai gardama ta tashi a kan iyaka. Magana ta yi zafi, wani ya ɗaga adda, wani ya faɗi. Yaro ya yar da kwano ya sheƙo gida. Aka kai wanda aka sara asibiti, 'yan sanda suka shigo, aka yi kame. Kwanaki suka ja, har an fara mantawa. Ran nan da hantsi sai ga babur a ƙofar gida. Masinjan kotu ne. Ya yi sallama da mai gida, ya zaro takarda daga jaka ya miƙa. Aka karanta. Ba sunan mai gida ne a jiki ba. Sunan yaron ne.

Kun san abin da ke biyo baya. Uwa ta ɗora hannu a ka. Kaka ta ce a tura shi wajen kawunsa tun dare bai yi ba. Wani baffa ya ce a yaga takardar, ai yaro ba ya shari'a. Kowa na faɗin tasa, kuma duk tsoro ne.

To, mu shiga kashi na farko. Ita kanta takardar.

Sammaci iri biyu ne. Akwai na wanda ake ƙara, akwai na shaida. Na shaida ba tuhuma ba ce. Ina maimaitawa, iyaye: kiran shaida ba tuhuma ba ce. Ba wanda ya ce ɗanku ya yi laifi.

Idan takarda ta zo, ku duba ta da kyau. Sunan kotu yana nan? Lambar shari'a tana nan? An rubuta rana da lokaci? Akwai sa hannun alƙali ko jami'in kotu? In ba ka karanta boko, kai wa malamin makaranta ya karanta maka tun daga sama har ƙasa. Masinja zai ce ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kwafin da zai koma da shi. Wannan ba amsa laifi ba ne. Shaidar cewa takarda ta iso hannu ce kawai. Kuma wanda aka kawo wa sammacin shaida ba shi ne ke biyan kuɗin kawo shi ba.

Murya a waya kuwa ba sammaci ba ce. A wannan zamani da muke ciki, wani da ba ka sani ba ya bugo ya ce ka kawo yaro wuri kaza gobe, kada ka ɗauki ɗanka ka kama hanya. Je ka kotun da ƙafarka, ka shiga ofishin rajistara, wato magatakardan kotu, ka tambaya.

Yanzu babbar tambaya. Uba na da ikon cewa ɗana ba zai je ba? Amsa ita ce a'a. Sammaci umarni ne, ba gayyatar biki ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya, ta shekarar 2015, ta ce shaidan da ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba, kotu na iya ba da warantin kamo shi. Tana iya cin sa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata 2 ba. Jihohi ma suna da nasu dokokin masu irin wannan tanadi. Yaro kuwa ba shi ke kai kansa kotu ba. Idan bai zo ba, babban da ya ɓoye shi kotu za ta waiwaya.

Amma uzuri daban, ƙin zuwa daban. Yaro ba shi da lafiya? Ranar ta faɗa kan jarabawar NECO ko ta WAEC? Hanya ba ta biyuwa saboda tsaro? Duk waɗannan uzuri ne da kotu ke saurara. Sharaɗin kawai, a faɗa kafin ranar. A je wa rajistara ko mai gabatar da ƙara da takardar asibiti ko jadawalin jarabawa, a roƙi a ɗage zama. Wanda ya zo ya yi bayani, ana saurarensa. Wanda ya yi shiru ya noƙe, shi ake aika wa waranti.

Mu Musulmi mun san wannan tun a makarantar zaure. Ƙarshen Suratul Baƙara, aya ta 282 da ta 283, sun hana mai shaida ƙin amsa kira, sun hana ɓoye shaida. Amma a cikin ayar ta 282 ɗin nan aka hana a cutar da mai shaida. Mutane sun fi riƙe na farkon. Shirinmu na yau a kan su biyun ya tsaya: yaro zai je, amma ba za a cuce shi ba.

Kashi na biyu. Shin kotu ma tana karɓar maganar yaro?

A kotun majistare da babbar kotu, irin ta Kontagora ko ta Minna, Dokar Shaida ta 2011 ake bi. Sashe na 175 ya ce kowa na iya ba da shaida, sai fa wanda ƙuruciya ko tsufa ko ciwo ya hana shi gane tambaya da ba da amsa mai ma'ana. Kenan doka ba ta yanka wata shekara ta ce daga nan zuwa ƙasa ba a ji ba. Alƙali ne zai auna yaron.

Sashe na 209 shi ne na yara. Ku riƙe lambar nan: 14. Yaron da bai kai shekara 14 ba, ba a rantsar da shi. Ba za a miƙa masa Alƙur'ani ko Baibul ba. Alƙali zai ɗan yi hira da shi tukuna. Yaya sunanka? Ajinka nawa? Wa ke koya muku karatu? Ƙarya abu ne mai kyau ko marar kyau? Me ke samun wanda ya yi ta? Abu biyu yake nema: yaron na da wayon da za a saurare shi, kuma ya san wajibcin faɗin gaskiya. In ya gamsu, sai yaro ya yi magana ba rantsuwa. Wanda ya kai 14 kuwa, rantsuwa zai yi kamar babba. Shi ya sa takardar haihuwa ke da amfani a nan. In akwai ta Hukumar Ƙidaya, a tafi da ita.

Ga wani abu da zai sanyaya zuciyar iyaye. Sashen ya ce ba a ɗaure mutum da maganar yaron da bai yi rantsuwa ba ita kaɗai. Sai an samu wata hujja daga waje da ta ƙarfafa ta. Rahoton likita, ko makamin da aka samu, ko wani shaidan. Kenan shari'ar ba a wuyan ɗanka kaɗai ta rataya ba. Idan wani ya ce muku yaronku ne zai ɗaure wane, ku ce masa doka ba ta ce haka ba.

A kotun shari'ar Musulunci kuwa, a maganar aure da gado da bashi, ba wannan doka ake bi ba. Fiƙihun Malikiyya ake bi. A can, asali shi ne shaida sai baligi mai hankali, adali. Amma malamai sun bar ƙofa guda. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Zubairu yakan yi hukunci da shaidar yara a kan raunin da suka yi wa juna. Ibn Abi Zaid ma ya kawo mas'alar a Risala, littafin da ake karantawa a zaurukanmu. Dalili a fili yake. Inda yara ke wasa, sau da yawa babu babba. In aka ce sai baligi, haƙƙin wanda aka ji wa ciwo ya salwanta. Sai dai sun sa sharaɗi mai tsauri: a ji ta bakinsu kafin su watse, kafin wani babba ya shiga tsakaninsu ya kitsa musu magana. Ku ajiye wannan sharaɗi a zuciya. Za mu dawo kansa.

A fiƙihun nan kuma, ba a karɓar shaidar ɗa domin amfanin uwarsa ko ubansa. Saboda haka, masu jan yaro zuwa kotu a rikicin saki ko na riƙon 'ya'ya, don ya tsaya ya tozarta uwarsa ko ubansa a gaban jama'a, ku ji tsoron Allah. Sau da yawa maganar ba za ta amfane ku ba. Yaron kuwa zai girma da ita.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yaron da kotu ta kira shaida, da abin da iyayensa ke da ikon yi. Mun zo kashi na uku, kuma shi ne zuciyar shirin. Me za ka nema wa ɗanka?

Bari in faɗa muku yadda abin yake. Yawancin kariyar da doka ta tanadar wa yaro, a hannun alƙali take. Doka cewa take yi kotu na iya yin kaza. Kotun da ke da shari'u cunkus a gabanta kuwa ba lallai ta tuna ba. Sai an roƙa. Wanda bai roƙa ba, sai a yi da ɗansa kamar yadda ake yi da kowa. To, babban haƙƙinka shi ne ka buɗe baki ka roƙa, kuma tun kafin ranar zama.

Roƙi ka raka shi, ka zauna inda zai riƙa ganin fuskarka. Amma lura da wannan. Idan kai ma shaida ne a shari'ar, kotu na iya fitar da kai waje lokacin da yake magana, don kada shaidu su ji ta bakin juna. Wannan ba wulaƙanci ba ne, ƙa'ida ce. Saboda haka ka taho da wani da yaron ya saba da shi, wanda ba ruwansa da shari'ar. Gwaggo, ko kawu, ko malaminsa.

Roƙi a rage jama'a. Asali, shari'a a bainar jama'a ake yin ta. Amma Kundin Tsarin Mulki na 1999, sashe na 36, ƙaramin sashe na 4, ya ba kotu dama ta fitar da 'yan kallo saboda maslahar wanda bai kai shekara 18 ba. Sai a bar masu shari'ar da lauyoyinsu da ma'aikatan kotu. An taɓa yi, ba labari ba ne. Da yawanku kun tuna shari'ar nan ta 2016 a Babbar Kotun Tarayya da ke Yenagoa, ta yarinyar da aka kawo Kano daga Bayelsa. Ƙasa duka ta ɗauka, jaridu sun yi ca. Da aka zo jin ta bakin yarinyar, masu gabatar da ƙara suka roƙa, kotu ta amince a saurare ta a keɓe, ba 'yan kallo, ba 'yan jarida. Duk abin da mutum ke gani game da waccan shari'a, wannan mataki daidai ne. Kuma kundin da ya yi aiki a Yenagoa, shi ne ke aiki a Mashegu.

Dokar tarayya ta 2015 ta ƙara gaba. A sashe na 232, a manyan laifuka irin su fyaɗe da ta'addanci da safarar mutane, kotu na iya ɓoye sunan shaida da adireshinsa. Tana iya sa labule tsakaninsa da wanda ake tuhuma. Tana iya jin sa ta bidiyo daga wani ɗaki. Na san wani zai ce, Malam, kotun da ba ta da wuta ina ta ga bidiyo? Gaskiya ne. Amma labule ba ya buƙatar wuta. Ofishin alƙali ma ba ya buƙatar wuta.

Roƙi a kare sunansa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma a duk abin da ya shafe shi, maslaharsa ce kan gaba. Ta hana wallafa suna ko hoto ko makarantar yaron da maganarsa ke gaban kotun iyali. Jiharmu ta Neja ta yi tata dokar a 2010. Amma a nan zan ɗan juyo kanmu. Ba ɗan jarida ne ya fi fallasa yaro a yau ba. Ɗan uwa ne mai waya. Ya ɗauki yaro a bidiyo yana ba da labari, ya watsa a WhatsApp da Facebook, wai neman adalci yake. Kafin la'asar, har wanda ake tuhuma da danginsa sun san fuskar yaron da ƙofar gidansu. Uba, kai ne mai hana wannan. Ba sai ka jira alƙali ba.

Roƙi tafinta. Babbar kotu da Turanci take rubutu. Ɗanka kuwa mai yiwuwa Hausa kawai yake ji, ko Fulatanci, ko Nufanci, ko Kambarci. Faɗa tun da wuri harshen da ya fi sakin jiki da shi. Yaro yakan gyaɗa kai ga abin da bai gane ba, don kunya. Gyaɗa kai ɗaya a kotu na iya juya magana.

Akwai abin da ba za ka iya hanawa ba, gara ka sani tun yanzu. Lauyan wanda ake tuhuma zai yi wa yaron tambayoyi. Tsarin mulki ne ya ba shi wannan dama, domin shi ma wanda ake tuhuma ɗan wani ne, kuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Amma tambaya daban, cin zarafi daban. Dokar Shaida ta wajabta wa kotu ta hana duk tambayar da aka yi don zagi ko muzantawa. Idan yaro ya gaji, ko ya fashe da kuka, ko yana son zagayawa, ana iya roƙon a ɗan dakata. Ana iya roƙon a fara kiran shari'arsa da safe, kada ya wuni a baranda da yunwa, yana kallon dangin wanda ake tuhuma suna hararsa. A Ingila, tun dokar 1999, alƙali da lauyoyi na iya cire hular gashin nan da baƙar riga idan yaro zai yi magana, don kada su firgita shi. Su da suka kawo mana hular kenan.

Kuɗin mota fa? Daga ƙauyukan Mashegu zuwa Kontagora ko Minna tafiya ce, ga tsadar mai. Dokar 2015 ta ce shaidan da gwamnati ta kira yana da haƙƙin a biya shi abin da ya kashe daidai gwargwado. A aikace ba kullum ake samu ba. Amma tambaya ba laifi ba ce. Ka tambayi mai gabatar da ƙara.

Wa za ka roƙa, kuma ta yaya? Kada ka miƙe daga kujerar 'yan kallo ka yi ta ɗaga murya. Wannan raina kotu ne. Samu mai gabatar da ƙara kafin ranar, ko lauyan da ya nemi a kira yaron. Gaya masa buƙatunka, shi zai gabatar. Kana kuma iya ɗaukar naka lauyan ya zauna ya sa ido a madadin iyali. In ba ka da kowa, kuma alƙali ya ba ka dama, tashi cikin ladabi. Ka ce, ranka ya daɗe, ni ne mahaifinsa, shekararsa 11, bai taɓa shiga kotu ba, ina roƙon a rage jama'a, a bar ni kusa da shi. A kotun shari'a ka ce, Allah ya gafarta Malam. Gajeriyar magana ce, ba ta buƙatar Turanci.

Kafin mu bar wannan kashi, kalma ɗaya a kan caji ofis. Tun kafin kotu, 'yan sanda kan nemi yaro ya ba da bayani. Kada ka tura shi shi kaɗai. Kada a dangwala masa yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshensa ba. Idan kuma ka lura tambayar ta fara juyawa, daga me ka gani ta koma me ka yi, to tsaya nan ka nemi lauya. Doka ba ta tilasta wa kowa ba da amsar da za ta jefa shi cikin laifi ba. Kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Ba a tsare ɗa don a matsa wa uba, ba a tsare uba don ɗa.

Kashi na huɗu. Abin da ba ka da ikon yi.

Ba ka da ikon sa wa yaro magana a baki. Ina maimaitawa: ba ka da ikon sa wa yaro magana a baki.

Kun tuna sharaɗin Imamu Malik? Kafin babba ya shiga tsakaninsu. Sama da shekara 1,200 kenan, kuma har yau alƙalai abin da suke tsoro kenan. Mutanen karkara sun fi kowa gane wannan. Idan aka kore shanu da dare, masu bin sawu sukan ce kowa ya tsaya baya. In jama'a suka tattake wurin, sawu ya ɓata, ko gwani ba ya iya fitar da shi. Haka abin da yaro ya gani yake. Uwa ta tambaye shi, ta gyara. Baffa ya tambaye shi, ya ƙara. Maƙwabci ya ce, ba wane ka gani ba? Ai wane ne. Kafin sati, yaron da kansa ba ya iya raba abin da ya gani da abin da aka gaya masa.

Ranar zama kuma lauya tambaya ɗaya zai yi. Cikin lallashi zai ce, yaro, wa ya gaya maka ka faɗi haka? Yaro ba ya iya ɓoyewa. Zai ce, Baba ne. Shi ke nan. Gaskiyar da ke cikin maganar ma ta tafi tare da ƙarin. Mai laifi ya fita yana dariya, kuma da hannunka ka buɗe masa ƙofa. Bayan haka, koya wa shaida ƙarya laifi ne a dokar hukunta laifuka, wato Final Kod. Shi ma yaron, sashe na 209 ɗin nan ya ce in ya shirga ƙarya da gangan, ana iya hukunta shi.

To me za ka gaya masa? Kaɗan ne. Gaya masa ba shi ake tuhuma ba, kuma tare za ku dawo gida. Gaya masa ya faɗi abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji a wurin, ganau ake nema ba jiyau ba. Koya masa amsa uku da yara ke jin tsoron bayarwa: ban sani ba, na manta, ban gane tambayar ba. Dukansu amsa ce mai kyau a kotu. In da hali, kai shi ya ga ɗakin kotun kafin ranar. Nuna masa inda alƙali ke zama, da inda shi zai tsaya. Kada ka yi masa alkawarin keke in ya faɗi kaza. Kada ka yi masa barazanar bulala in ya faɗi kaza.

Ɗaya ɓangaren ma za su zo. Da dare za su zo, da goro da 'yan kuɗi, su ce a rufa wa juna asiri, yaro ya ce bai ga komai ba. Sulhu alheri ne a wurinsa, a gaban alƙali ko da saninsa. Sayen bakin yaro ba sulhu ba ne. In suka koma barazana, kada ka rama, kada ka yi shiru. Kai wa mai gabatar da ƙara. Tsoratar da shaida dalili ne da kotu ke iya soke belin mutum a kansa.

Wannan ya kawo mu kashi na ƙarshe. Tsoro.

Ba zan zauna a ɗakin watsa shiri in ce muku kada ku ji tsoro ba. Mutanen Mashegu sun san harin da aka kai masallacin Mazakuka da asubahin 25 ga Oktoba, 2021. Sun san ɗaliban Islamiyyar Tegina da aka kwashe a watan Mayun 2021, suka yi kusan wata 3 a daji. A yankin da aka ga irin wannan, uban da ke tsoron a ce ɗansa ya nuna wani da yatsa, ba matsoraci ba ne. Hankali ne.

Abin da nake cewa shi ne, kai tsoron naka inda zai yi amfani. Faɗa wa mai gabatar da ƙara ƙarara: ina tsoron ran ɗana, ga dalili. Nemi a ɓoye suna, a yi zama a keɓe. Idan kana ganin gara yaro ya koma wajen dangi a wani gari har a gama shari'a, ba laifi. Amma kotu ta san yadda za ta same ku, kuma ranar zama a kawo shi. Kaurar da yaro don tsira da lafiyarsa daban, ɓoye shi daga kotu daban.

Ina za a samu taimako in babu kuɗin lauya? Akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi, tana da ofis a Minna. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa. Nan kusa kuma akwai jami'an walwalar jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma. Mai unguwa da dagaci da hakimi iyayen ƙasa ne, suna iya raka ka, suna iya kwantar da tarzoma a gari. Amma ba mai iya soke sammaci sai kotun da ta bayar.

Bayan an dawo gida, a bar yaro ya huta. Kada a tara masa mutane a tsakar gida a ce maimaita mana. Kada a bari a laƙaba masa suna a unguwa. In aka ɗaure mutumin, ba shi ya ɗaure shi ba. In aka sake shi, ba shi ya gaza ba. Alƙali ne ya yi hukunci. Ku gaya masa haka da bakinku. In kuka ga ya daina cin abinci, ko yana firgita cikin barci, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, kada a yi masa tsawa. A kai shi asibiti.

Lokaci ya cim mana. Uba ko uwar da ke da irin wannan takarda a gida yanzu haka, kada ku jira ranar zama. Gobe da safe ku ɗauke ta, ku haɗa da takardar haihuwar yaron, ku nufi ofishin rajistara, ku tambayi wa ke gabatar da ƙarar. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.